Ciyawar Uwata a Shagon Aski

Ranar da Uwata ta shigo gida rungume da bahon ciyawa, na ɗauka korar ta aka yi daga aiki, aka haɗa ta da wannan a matsayin sallama.

Uwata 'yata ce ta fari. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa bakina ba ya kama sunan. Ta yi karatun aikin gona har inda ni ban san ana zuwa ba, aka ɗauke ta a wata gonar gwaji da ke bayan gari. Sai dai ɗaukar ma ta gwaji ce. Shekara guda za su sa mata ido, in ta nuna abin kirki a tabbatar da ita, in ba ta nuna ba a ce ta gaida mutanen gida. Shekarar kuwa ta zo gangara. Ni mai aski ne, kuma tun da aka ɗauke ta, duk wanda ya zauna a kujerata sai na tambaye shi ko ya san wani da aka taɓa tabbatarwa a irin wannan wuri.

"Lafiya dai?" na ce mata.

"Lafiya lau, Baba. Matsa mini in sauke, hannuna zai cire."

Ta dire bahon a tsakar gida, daidai inda rana take fara sauka da safe. Mamanta ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zane, ta leƙa ciki.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Mama."

"Duk littattafan nan da nauyinsu ya karya mana kantar ɗaki, wannan ce? Ga irinta can a bakin kwata ba mai kallo."

Uwata ta yi dariya, ta zauna a bakin famfo ta yi mana bayani. Wai akwai ciyawa iri biyu a gonarsu. Ɗaya laushi gare ta kamar darduma, kore shar, in aka shimfiɗa ta a filin ƙwallo yaro zai faɗi ya tashi ba ƙujewa. Amma rowar iri gare ta. Wanda yake son ta sai dai a yanko masa ita da ƙasarta, a nannaɗe kamar tabarma a kai masa. Ɗayar kuwa tana zuba iri kamar ba gobe, tana jure ƙishirwa, sai dai kaushinta kamar gemun da ya kwana biyu bai ga reza ba. Aikin Uwata shi ne ta haɗa su aure, a samu mai laushin waccan da haihuwar wannan. Ta haɗa, an samu 'ya'ya, ta tsame biyu da suka fi kyau ta dasa su a baho ɗaya, don kowace tana bukatar bununin 'yar'uwarta, wato garin hudarta, kafin ta yi iri.

"To ai 'yan'uwa ne," in ji mamanta.

"Mama, ciyawa ce."

"Ni dai na faɗa."

"Inda gizo yake saƙar," Uwata ta ci gaba, ta juyo wajena, "irin wannan haɗin sau da yawa alfadari ake samu. Ga kyau ga ƙarfi, amma babu haihuwa. In waɗannan suka ba da iri, kuma irin ya tsiro a gaban Farfesa, shugabarmu, to na samu gindin zama. In ba su ba da ba, ba ni da abin nunawa."

Na tambaye ta me ya sa ba ta bar su a gona ba, inda masana suke. Ta ce a gona iska cike take da bununin wasu ciyayi, wato garin nan mai kama da hoda da kan ciyawa yake saki. In baƙo ya sauka a kan nata, ba wanda zai san uban 'ya'yan. Gidanmu kuwa siminti ne ciki da waje. Sannan ga shi an tura ta reshen gonar da ke nesa, za ta yi makonni tana taya su girbin iri.

"Kai zan bar wa, Baba."

Mamanta ta riƙe haɓa. "Uban naki da ko albasa bai taɓa rayawa ba?"

"Shi ne in ya manta bai ba ta ruwa ba, abinci ba zai wuce masa ba. Ke kuwa Mama sai ki ce gobe ma rana ce."

Ta ba ni dokoki. Ruwa da safe, kada ya yi yawa. In karare suka fito, kawunansu suka fara lilo da wasu 'yan abubuwa kamar zare, in riƙa kaɗa su a hankali da hantsi don garin ya tashi ya gauraya. Kuma kada in bari wata ciyawa ta yi huda kusa da gidan. Washegari ta ɗauki jakarta ta tafi, ta bar ni da aikinta a cikin baho.

Dokar ƙarshe na fara da ita. Na ari fartanya, na bi layinmu tun daga bakin titi har ƙarshensa, duk ciyawar da ta leƙo ta tsagar siminti ko gindin bango sai da na tuge ta. Na shiga kangon da ke bayan gidanmu na yi masa tas. Mai shagon kusurwa ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam mai aski, takara za ka tsaya ne? Ka faɗa mana da wuri mu san inda za mu dangwala."

Na ce masa motsa jiki nake yi. Ta yaya zan ce wa mutum ina gadin mutuncin ciyawa?

Ba a daɗe ba karare suka fito, siri-siri kamar tsinken tsintsiya, suka tsere wa ganyen. Da kawunan suka buɗe, kowace safiya sai in durƙusa da wutsiyar mataji ina taɓa su ɗaya bayan ɗaya. In rana ta haska sai ka ga wani ɗan gari rawaya ya tashi kamar hodar da nake kaɗa wa mutum a wuya bayan aski. Maman yara tana tsaye da tsintsiya tana kallona.

"Da haka ka lallaɓa ni lokacin ina da cikin Uwata, da yanzu ina ba da labari."

"Yi magana a hankali," na ce, "kina kaɗa iska."

Waya kuwa ban bar Uwata ta huta ba. Ganye ɗaya ya yi rawaya, na kira. Tururuwa ta hau bakin bahon, na kira. Har ta ce, "Baba, don Allah in ba mutuwa ta yi ba, ka bari in tashi daga aiki." Amma ranar da na gaya mata garin ya daina tashi, kuma kawunan sun fara nauyi suna sunkuyawa, na ji muryarta ta canja.

"To wataƙila ta ɗauka. Yanzu baƙon bununi ba zai yi mata komai ba. Abin da ya rage a bar ta ta nuna. Tsuntsaye kawai za ka kula da su."

Kamar tsuntsayen suna jin wayar. Kafin kwana biyu suka fara jeruwa a kan igiyar shanya kamar masu jiran rabo. Na lulluɓe bahon da tsohon gidan sauro. Da na dawo da yamma sai na tarar da kyanwar maƙwabta ta haye kan gidan sauron ta miƙe ƙafafu, ta danne rabin kararen. Da ƙyar na tayar da su da 'yan tsinkaye. Gidan kuwa da rana babu kowa: maman yara tana koyarwa a makarantar ƙananan yara, ƙannen Uwata suna makaranta. Ina shago ina aski, hankalina yana tsakar gida, har na kusa kwashe wa wani gira.

Sai na yanke shawara. Uwata ta ce a kula, ba ta ce kada a ɗauka ba. Na ɗaure bahon a bayan keke, na tura shi da ƙafa har shago, ina kauce wa kowane rami kamar mai ɗauke da ƙwai. Ban gaya mata ba, don kada in tayar mata da hankali.

Shagon namu ni da Yaya ne, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Kujeru biyu, dogon madubi ɗaya, benci na masu jira, da fanka mai kuka kamar tana bin mu bashin mai. Yaya gwani ne, ban taɓa musun wannan ba. Amma yana da ciwo guda: idonsa ba ya iya ganin abu ya tsere wa ɗan'uwansa. Labulen ƙofarmu da geza muka saye shi, yanzu babu. Tsintsiyar shagon kanta a daidaice yake kamar na soja. In kana magana da shi, ba idonka yake kallo ba, gashin hancinka yake kallo.

Na ajiye bahon a bakin ƙofa daga ciki, inda rana take shigowa.

"Wannan kuma fa?" in ji Yaya.

"Ajiyar Uwata ce. Kada a taɓa."

"Au, ta injiniyar ciyawa ce? Ita ce wadda za a shimfiɗa wa 'yan ƙwallo?"

"Ita ce."

Iyakar abin da na gaya masa ke nan. Da na yi masa bayanin aure da alfadari, da na shiga uku, don sai ya shekara yana ba masu aski labari.

Kwanaki suka tafi lafiya. Ina aski ina satar kallon bahon ta madubi. Na lura Yaya ma yana kallonsa, amma irin kallon da yake yi wa ƙeyar mutum. Ganyen ya yi tsawo ya zubo ta bakin bahon, kararen sun miƙe kowanne da inda ya nufa.

Akwai wani direban babbar mota da yake aski a wajen Yaya, mutum mai baki kamar reza. Ranar da abin zai faru ya shigo, ya tsaya a kan bahon, ya riƙe ƙugu.

"Ikon Allah. Shago da masu aski biyu, amma wanda ya fi kowa suma a unguwar nan yana zaune a bakin ƙofarku. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ni da baƙo ne in na ga wannan sai in wuce gaba."

Masu jira suka kwashe da dariya. Yaya bai yi ba. Na ga kunnensa ya motsa.

A daidai lokacin aka aiko kirana. Akwai wani dattijo da ya daɗe yana aski a wajena, yanzu ƙafa ta hana shi fita, ni nake bin sa gida. Na haɗa kayana a jaka, na tsaya a ƙofa.

"Yaya, ga ajiya nan."

"Na ji. Sai ka ce jariri ka bar mini."

Dattijon ya riƙe ni da labari, kamar kullum. Da na dawo, tun daga nesa na ga bakin ƙofar ya yi wani irin haske. Na shiga. Bahon yana nan inda na bar shi. Ciyawar ta kwanta lif, kore shar, a daidaice kamar an aza mata ma'auni, gefenta an zagaye shi tsaf har da gyaran fuska. Babu kara ko ɗaya.

Jakar ta suɓuce daga hannuna.

Yaya yana kan direban, ya gama rabin kansa. Ya dube ni ta madubi yana murmushi.

"Ya ka gani? Yanzu ta yi kama da ta filin ƙwallo."

"Yaya, na ce kada a taɓa."

"Ban taɓa ba, gyarawa na yi. Da gefe kawai na yi niyya. To da na rage nan sai can ya fi tsawo, ka san aikin."

"Ina kawunan?"

"Waɗanne kawuna?"

"Kararen, Yaya. Masu iri. Su ne aikin gaba ɗaya. Su za ta nuna a tabbatar da ita."

Kilifar askin da ke hannunsa ta ci gaba da kuka a iska. Sai da direban ya miƙa hannu ya kashe ta.

"Ai ba ka ce ba," in ji Yaya, muryarsa ta yi ƙasa. "Ka ce ciyawar ƙwallo. Wa ya taɓa ganin filin ƙwallo da tsinke?"

Ya nuna kwandon shara da baki. Na kife shi a tsakiyar shago. Gashin mutum nawa ne a ciki, Allah kaɗai ya sani: baƙi, furfura, na gemu, na yara. Muka durƙusa ni da Yaya muna tsinta. Direban ma ya sauko da mayafin aski a wuyansa, rabin kai fes rabin kai daji, yana taya mu.

"Ga ɗaya nan. A'a, wannan furfura ce."

"Kai ka jawo," Yaya ya ce masa.

"Ni baki na sa, kai ka sa almakashi."

Abin da ya taimaka, Yaya ya fara datse kararen daga gindi da almakashi kafin ya bi ganyen da kilifa, saboda haka yawancinsu sun fita da tsawonsu. Wasu dai sun karye, wasu an taka. Na jera waɗanda suka tsira a kan tawul, na ɗauko waya, na riƙe ta ina kallo.

"Kira ta mana," in ji direban.

"Me zan ce?"

"Ka ce Baffanta ya yi mata kwalliya."

Na kira. Ta ɗauka tana haki, ana jin ƙarar inji a bayanta.

"Baba, ta mutu ne?"

"Ba ta mutu ba, Uwata. Lafiyarta ƙalau. Ta ma yi kyau."

"To mene ne?"

Na gaya mata, tun daga kyanwa har zuwa kwandon shara. Na duba wayar ko ta katse, na ga tana nan. Wannan shirun ya fi mini zagi ciwo. Da ta yi kuka ma da na san abin da zan ce.

Can ta ce, "Ba Baffa wayar."

Yaya ya ja da baya yana girgiza hannu. Na danna masa ita a kunne.

"Na'am, 'yata. Ina wuni. Ya aiki?"

Ban ji abin da ta ce ba, amma na ga yana gyaɗa kai yana cewa, "Daga gindi. Wallahi daga gindi. Sun kai tsawon mataji." Ya miƙo mini da sauri.

"Baba, saurara," ta ce. Muryarta ta zama ta ma'aikaciya. "Ɗauki ƙwaya ɗaya daga kan da ya karye, ka matsa da farce. Ruwa ne ya fito kamar madara, ko ya yi kauri?"

Yaya ne ya ɗauki ƙwayar ya matsa. "Ya yi kauri. Kamar ƙullu."

"To da sauran numfashi. Ku samo kwalba mai tsabta, ku zuba ruwa, ku sa sukari kaɗan. Ku tsoma gindin kararen, ku sake yanke bakinsu a karkace a cikin ruwan, da sabuwar reza. A cikin ruwan fa, kada su sha iska. Kullum a canja ruwa, a sake rage bakin. A sa su inda akwai haske amma ba rana tsaka ba."

"Za su nuna a haka?"

"Wani lokaci suna nuna. Mu ma muna yi in kara ya karye. Wani lokaci kuma ba sa yi."

"Uwata, ki yi haƙuri."

"Baba, je ka nemo kwalba."

Yaya ya riga ni. Akwai doguwar kwalbar da yake tsoma matajansa, wadda ko ni ba ya bari in taɓa. Ya juye ta, ya wanke da sabulu har sau nawa, ya ɗauraye da ruwan zafi. Direban ya tsallaka wajen mai shayi ya dawo da sukari a tafin hannu. Yaya ya ɓare sabuwar reza, ya yi yankan da kansa, yana riƙe numfashi. Muka kafa kwalbar a kan kantar madubi, tsakanin hoda da man gashi. Sai a lokacin direban ya tuna da kansa.

"To a ƙarasa ni mana, ko ni ma a ruwa za ku tsoma ni?"

Daga ranar shagon ya zama ɗakin jinya. Yaya ya hana kunna fanka don kada ta kaɗe ƙwayoyin, masu aski suna zufa suna ƙorafi, yana ce musu wuta ce ba ta da ƙarfi. Shi yake riga ni zuwa da safe ya canja ruwa. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Abin da yake cewa shi ne, "Laifin wanda ya kawo mai suma shagon aski ne." Amma na ga ƙullin sukarin da yake zuwa da shi daga gida a aljihu.

A gida kuwa maman yara ta ce, "Garin neman gira ka rasa ido. Da ka bar wa kyanwa, ita ko kwanciya kawai take yi."

Kararen suka fara sauya launi, daga kore zuwa ruwan ƙasa. Wasu suka yanƙwane tun da wuri suka zube. Na kasa gane ko nuna suke yi ko mutuwa, don a idona duk kamarsu ɗaya. Na tambayi Uwata a waya, ta ce ita ma sai ta taɓa da hannu.

Ranar da ta dawo, daga tasha shago ta wuto da jakarta. Yaya yana ganin ta ya sunkuya a kan wani yaro da ya riga ya gama wa aski, ya ci gaba da gyaran abin da babu.

"Sannu da aiki, Baffa."

"Yawwa, injiniya. An dawo lafiya?"

Ta ɗauki kwalbar ta kai bakin ƙofa. Ta shimfiɗa farin tawul a cinya, ta tsinke kai ɗaya, ta murza a tafin hannu, ta hura a hankali. Ƙaiƙayi ya tashi. Ta duba tafin. Babu komai. Ta ɗauki na biyu, ta murza, ta hura. Babu komai. Ni dai na nemi benci na zauna.

A na gaba ne ta tsaya. Ta kawo tafin kusa da ido, ta taɓa wani abu da farce, ƙanƙane kamar kwarkwata.

"Wannan da tauri," ta ce.

Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama, abin da ya taru a tsakiyar tawul ɗin bai rufe farcen babban yatsa ba. Ta naɗe shi a 'yar takarda ta sa a aljihu. Sannan ta juya ga bahon. Ciyawar ta sake tofowa bayan askin, ta yi cunkus har ba a ganin ƙasa. Ta danna ta da tafin hannu, ta saki, ta tashi.

Yaya ya yi gyaran murya. "Kin ga dai yadda ta karɓi aski."

"Baffa, kada ka ce komai tukuna."

"Ban ce ba."

A gida ta jiƙa wani farin ƙyalle ta shimfiɗa a faranti, ta jera ƙwayoyin da bakin tsinke, ta kife da wani farantin gilas. Ta ce tauri ba ya nufin rai, sai sun tsiro za a sani. Ta ajiye a kan taga ta hana kowa taɓawa, musamman ni. Ina wucewa in leƙa, in dawo in leƙa. Maman yara ta ce in na ci gaba da hura musu numfashi ko suna da niyyar fitowa sai su fasa. Kwanan shekarar Uwata yana ƙarewa, ƙwayoyin suna kwance kamar ba da su ake ba.

Wata safiya ina wanke fuska sai na ji ta ce, "Baba, zo." Ba ta ɗaga murya ba. Na je da sabulu a kunne. A jikin wata ƙwaya wani ɗan farin abu ya leƙo, siriri kamar gashin jariri. Kusa da ita wata ma ta fasa. Kafin ranar da za ta gana da Farfesa, waɗanda suka tsiro sun kusa cika yatsun hannu biyu, sauran kuwa suka yi funfuna ta tsame su.

Ranar ganawar ta tafi da farantin a cikin kwali, ta hana ni raka ta. Na je shago, amma Yaya ya karɓe kilifata ya ce yau in zauna a benci, ba ya son a kawo mana ƙara. Shi ma dai na ga sau biyu yana fesa wa mutum ruwa a ido.

Sai da rana ta yi sanyi wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya a ƙofar shago. Uwata ta sauko daga gaba. Na miƙe, na kasa karanta fuskarta.

"Me ta ce?"

"Ta ce irin ya yi kaɗan ƙwarai. Ba a kafa hujja da abin da bai cika cokali ba."

Na koma na zauna.

"Amma ta ce alfadari ko ɗa ɗaya ba ya haifa. Tunda waɗannan sun haihu, akwai aiki a gaba, kuma ni zan yi shi. An tabbatar da ni, Baba."

Yaya ne ya yi hamdala, ya ajiye almakashi, ya goge ido da tawul ɗin da yake kaɗe wa mutane gashi.

"Kin gaya mata labarin askin?" ya tambaya.

"Dole na gaya mata, Baffa, don ta tambayi dalilin ƙarancin irin. Ta yi dariya har da riƙe ciki."

"Ta yaba hannun?"

"Ta ce a gaishe ka, kuma don Allah ka tsaya a kan mutane."

Sai a lokacin na lura da bayan motar. Bahuna ne jere reras, har an ɗora wasu a kan katako, kowanne da ciyawarsa.

"Waɗannan fa?"

"Maimaitawa za a yi, da yawa wannan karon. Farfesa ta ce tunda gidanmu ba ya samun baƙon bununi, a kai su can. Na riga na kira Mama."

"Me ta ce?"

"Ta ce ka nemi inda za ta riƙa shanya."

Na zagaya motar ina dubawa. Wani bahon ganyensa ya ɗan yi rawaya ta gefe. Wani ƙasarsa ta bushe.

"Uwata, to su waɗannan in ba su ba da iri ba fa?"

"An tabbatar da ni, Baba. An gama."

"Na ji. Amma in ba su ba da ba fa?"

Ta dube ni, ta dubi Baffanta, ta buɗe mini ƙofar motar.

"Shiga mu je, Baba, kafin rana ta faɗi. Akwai saukewa."

Na shiga, amma na ce wa direban gonar ya bi a hankali, akwai rami a kwanar layinmu.